Gardamar Scarpetta a gidan Tanti, da kaskon gawayin Baba Ƙarami

Lahadin da ta wuce mun taru gidan Tanti a Yantala cin dambu, daga cin dambu sai gardama ta ɓarke, tun bayan azahar har ladan ya kira magariba kowa na nan kan bakansa. Duk a kan Scarpetta. Mu biyar ne, ni da Tanti da ƙanwata wadda ke karatu a jami'a can Harobanda, sai maigidana da wani abokinsa ɗan fadarsu da ya rako shi. Abin da ya tada maganar kuwa, wani tsohon littafi na hango a kan tele an ɗaure bangonsa da sikoci, na ɗaga na ce Tanti ai wannan nawa ne, shekara nawa ina nemansa. Ta ce naki ne ɗiyata amma ba za ki fita da shi gidan nan ba sai na gama, karo na huɗu ke nan nake karanta shi. Abokin maigidana ya karɓa ya duba bangon ya ce au har yanzu akwai masu karanta matar nan? Shi ke nan fa, wuta ta kama.

Ga wanda bai sani ba, Kay Scarpetta likitar binciken gawa ce a cikin jerin littattafan wata Ba'amurkiya mai suna Patricia Cornwell. Na farkon, Postmortem, ya fito 1990, kuma har yau matar ba ta ajiye alƙalami ba, littattafan sun doshi 30. A farkon labari Scarpetta ce shugabar likitocin binciken gawa ta jihar Bajiniya, ofishinta a birnin Richmond, aikinta in an tsinci gawa ko mutum ya yi mutuwar da ba a gane kanta ba, a kawo mata ta duba ta faɗi me ya kashe shi, da yaushe, da kuma ko akwai hannun wani. Tare da ita akwai Marino ɗan sanda mai ƙaton ciki da kaushin baki da shan taba, akwai Benton na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, mai karantar halin masu kisa, wanda daga baya ya zama masoyinta, sai Lucy ɗiyar ƴar'uwarta wadda a littafin farko ƴar shekara 10 ce amma ta riga ta fi manya iya kwamfuta. Mu nan da Faransanci muke karanta su, dan haka sunayen da zan riƙa kira na Faransanci ne, shekarun kuma na fitowarsu a Amurka.

Ni na haɗu da ita ne shekarar da na baro Tawa na zo Yamai wajen Tanti yin lise. Lokacin ƴan mata Harlequin da Adoras muke musanya a aji, samari kuma SAS suke ɓoyewa cikin kaye, in bakansi ta zo mu koma gida mu faɗa littattafan soyayya na Kano. Wata rana na bi ta wajen masu kasa littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa ina neman littafin lissafi, na ga wani ɗan ƙarami ganyensa duk ya yi ja dan tsufa, mai shi ya ce jika ɗaya, na taya dala ɗari ya ce kawo. Daren nan ban yi barci ba. Kuran ya ɗauke wajen sha ɗaya na kunna tocila na shige cikin gidan sauro, ana labarin mai shiga ta taga yana shaƙe mata a Richmond, ni kuma ga tagarmu a buɗe dan zafi, wlh sai da na tashi na rufe ta na kwana cikin gumi. Da safe Tanti ta ga idona ta ƙwace littafin da niyyar yi min faɗa, kwana biyu sai ga ta tana tambaya ta ko akwai na biyu.

To ga yadda ra'ayoyi suka rabu ranar Lahadin.

Tanti, wadda ta yi shekara sama da 30 tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, ita tata maganar ɗaya ce kuma ta daɗe tana yin ta: Scarpetta ta gaskiya ta ƙare a Dossier Benton na 2000, duk abin da ya biyo baya wata mata ce daban aka sa wa sunanta. Abin da ya fi ƙona mata rai maganar Benton ce. A Combustion na 1998 an kashe shi, an samu gawa a cikin gobara, Scarpetta da kanta ta ga agogonsa, Tanti ta ce ta ajiye littafin ta yi hawaye kaman wani nata ne ya rasu. Sai a Baton Rouge na 2003 mutum ya dawo da ƙafarsa, wai dama ɓoye shi aka yi, kuma wai Lucy da Marino sun sani suka bar baiwar Allah tana makoki shekara da shekaru. Tanti ta ce "Littafin da duk darajarsa ita ce gawa ba ta ƙarya, shi ne zai zo ya ce min gawar nan ƙarya ce? To me kuma zan yarda da shi?" Ni dai a nan ban da abin cewa, dan gaskiya ta faɗa. Kuma a Baton Rouge ɗin nan ne marubuciyar ta canza murya, da Scarpetta ce ke ba da labari da bakinta, na shiga na gani na taɓa, sai aka koma ana ba da labarinta daga waje, har ana shigar da mu cikin kan masu kisan muna jin ƙazamin tunaninsu. Sai a 2010 cikin Havre des morts aka mayar mata da bakinta. Shekara bakwai fa. Da yawa cikin waɗanda muke musanya littattafan da su a nan suka sauka ba su sake hawa ba.

Ƙanwata kuma ta ce mu tsofaffi ne kawai muke kewar ƙuruciyarmu. Ita da sababbin ta fara, wanda ya fito 2021 bayan an yi shekara biyar ba a ji ɗuriyar Scarpetta ba, inda ta koma Bajiniya, har akwai wani wuri da take jagorantar duba gawa a can sararin samaniya tana zaune a ƙasa, kuma ita wannan ne ya burge ta. Lucy ce tata. Yarinyar da ta yi kuɗi da kwamfuta tun tana ƙarama, tana tuƙa helikwafta, ba ta jiran kowa ya ba ta izini. Ta ce da ta koma ta karanta na farkon dariya ya ba ta, wai gwajin ADN, wato gwajin ƙwayoyin halittar da ke jikin mutum, ana jiransa makonni, ba wanda ke da waya a aljihu. Na ce mata ke ai shi ne daɗin, lokacin abin sabo ne fil, a 1984 wani masani a Ingila, Alec Jeffreys, ya gano yadda ake bambance mutane da shi, kuma a Richmond ɗin nan da gaske an yi wani mai shaƙe mata a 1987, Timothy Spencer, wanda ADN ne ya tabbatar da laifinsa tun duniya ba ta saba da abin ba. Ta ce duk da haka ita Lucy take so. Ban ga laifinta ba, a shekarunta ni ma wadda ba ta jin tsoron kowa nake nema a littafi.

Abokin maigidana shi gaba ɗaya matar ce ba ta kwanta masa ba. Ya ce girman kai gare ta, kullum ita ce mai gaskiya kowa na yi mata hassada, gwamna na ƙinta, abokan aiki na yi mata zagon ƙasa, kuma duk wani mai kisa da ke Amurka ya bar mutum miliyan ɗari uku ya zo ita da danginta yake bi. Ya ce a ƙirga shafukan da aka ɓata wajen faɗin sunan mota da agogo da bindiga da irin girkin Italiya da take yi, za a fitar da wani littafin daban. Shi Kathy Reichs ya fi so, mai Temperance Brennan wadda aka yi shirin Bones daga labarinta, dan ita masaniyar ƙasusuwa ce da gaske, ta yi aikin a Montreal da Karolina ta Arewa, Cornwell kuwa ƴar jarida ce ba likita ba. Tanti ta ce masa yaro ai ƴar jaridar nan shekara shida ta yi tana aiki a ofishin likitan binciken gawa na Bajiniya kafin duniya ta san ta, ta tsaya ta gani da idonta, kuma ni da na yi aikin asibiti ina gane wanda ya taɓa shaƙar warin wurin da wanda labari aka ba shi. Amma maganar mota da helikwafta da maƙiya, wannan kam na ba shi gaskiya, ni ma akwai shafukan da nake tsallakewa a na baya-bayan nan.

Maigidana biyu kawai ya karanta, ya ce shi Marino ne mutum a cikinsu, sauran duk sun cika tsafta. Tanti ta harare shi ta ce ka karanta Registre des morts na 2007 ka ga abin da Marinon naka ya yi mata cikin maye, ka dawo mu yi magana. Ya yi shiru.

Ni na fi kowa yin shiru ranar, har ƙanwata ta ce Yaya yau lafiya, ke da kika kawo mana cutar nan gida. Na ce ba komai. Amma akwai, kuma shi ne ya hana ni barci har na zauna rubuta wannan.

Ni abin da ya riƙe ni a littattafan farko ba mai kisan ba ne, sau da yawa ma na manta waye shi. Ɗakin nan ne da take shiga ta sa safar hannu ta tsaya kan mamaci. Yadda ba ta yarda a yi wasa ko dariya da gawa a gabanta, yadda take duba farce da tafin ƙafa da cikin ido a hankali kaman mai jinyar mara lafiya, dan a wajenta wannan mutumin yana da sauran magana a bakinsa kuma ita kaɗai ta rage da za ta saurare shi. Daga nan na koyi abubuwan da ba a koya mana a lakwal ba. Cewa gawa na fara sandarewa bayan ƴan awoyi, ta kai maƙura wajen awa 12, daga baya ta sake saki. Cewa in zuciya ta tsaya jini na gangarawa ya kwanta a gefen da ke ƙasa, in ya daɗe sai ya zauna a nan, dan haka in an samu mutum a rigingine amma jinin ya kwanta ta gabansa, wajen ƙirji da tumbi, to wani ya juya shi bayan ya mutu. Cewa in an ciro mutum daga gobara ana duba maƙogwaronsa, in akwai baƙin hayaƙi a ciki yana numfashi wutar ta same shi, in babu to kafin wutar ya cika. Har ƙuda ma shaida ne, koren ƙudan nan da ke zuwa cikin mintoci ya yi ƙwai, girman tsutsar na faɗin kwana nawa aka yi. A La Séquence des corps na 1994 na fara jin wai akwai wani fili a jami'ar Tennessee da wani malami, William Bass, ya kafa, inda ake ajiye gawarwakin waɗanda suka ba da kansu dan ilimi a sarari ana lura da yadda suke canzawa. Na ɗauka ƙirƙira ce, ashe da gaske yana nan.

Kuma ina karantawa ina auna shi da nan. Su lissafinsu jikin mamaci na yin sanyi da kusan digiri ɗaya a kowace awa daga 37, to a Yamai cikin watan Afrilu da rana ke wuce 40, ina zai yi sanyi ya je? Lissafin duk sai ya canza, zafi na gaggauta komai. Tanti ta sha gaya min a wajenmu wanda ya cika da safe in ya kai dare ba a ɗakin sanyi ba, magana ta sake. Dan haka saurin da muke yi da sutura, ban da umarnin Manzon Allah (SAW) na a gaggauta jana'iza, ƙasar ma kanta ba ta ba mu lokaci.

Sai dai cikin saurin nan akwai tambayoyin da ake binnewa tare da mutum, kuma ni na san ɗaya.

Ina CEG, wato ƙaramar sakandare, a Tawa Baba Ƙarami ya rasu, ƙanin babanmu, cikin watan Janairu, lokacin da ɗarin Adar ke shiga har ƙashi. Lafiyarsa lau ya ci tuwo ya sha fura da dare, ya shiga shagonsa na ƙofar gida ya kwanta shi kaɗai. Da asuba ba a gan shi masallaci ba, hantsi ya yi aka ɓalle ƙofa aka same shi kwance kan katifa lulluɓe da bargo kaman mai barci. Kafin azahar an kai shi. Ba wanda ya kira likita, me za a kira shi ya yi, kwana ya ƙare. Amma tun ba a yi addu'ar uku ba aka fara ƙus-ƙus a cikin gida, dan girkin amaryarsa ne daren, ita ta dama furar, wata takwas da kawo ta, kuma ba ƴar dangi ba ce. Ba wanda ya fito ya ce mata ke kika yi. Kawai in ta kawo ruwa sai a ce an ƙoshi, in ta zuba wa yara abinci uwayensu su kira su ɗaki. Ni kaina an ja min kunne kar in ci abin hannunta, kuma na bi, ina ƴar shekara 13. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a ɗakin nan kusan ita kaɗai, ranar da ta fita ta ɗaure kayanta ta koma garinsu.

Abu biyu suka tsaya min a rai daga ranar, ban san amfaninsu ba sai daga baya. Na ɗaya, da aka ɓalle ƙofar na leƙa ta bayan manya, na ga kaskon gawayi a tsakar ɗaki ya zama toka, tagar kuma an toshe ta da kwali da tsumma saboda iska. Na biyu, da Baba ya fito daga wankan na ji yana gaya wa Inna cewa ɗan'uwansa ya yi kyau, leɓensa da ƙarƙashin farcensa jajir kaman na mai rai, kowa ya ce alamar cikawa da imani ce, Allah ya sa haka ne.

Shekaru bayan nan ina karanta Une peine d'exception na 1993, na zo wurin da aka samu wata mata a cikin motarta a gareji, an shirya abin kaman ta kashe kanta da hayaƙin salansa, amma da Scarpetta ta duba sai gawar ta ƙaryata, dan ba ta shaƙi hayaƙin yadda zai kashe ta ba. Na kai wa Tanti na ce ta yaya ake ganewa? Tana tsinke zogale ta amsa min ba ta ko ɗago ba, ta ce iskar nan monoksid ba ta da wari ba ta da launi, gawayi ma na fitar da ita in yana ci a ɗakin da ba iska, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau sama da 200, mutum ya ji ciwon kai da kasala, in barci yake sai dai ya zarce. Ta ce kuma jinin ja yake zama jajir, mu masu duhun fata a leɓe da farce ake gani. Wlh sai da na zauna a ƙasa. Ta ce mene ne? Na ce Tanti, Baba Ƙarami. Ta ajiye tiren ta daɗe tana kallo na, ita lokacin tana Yamai, sai bayan bakwai ta je gaisuwa, ba wanda ya ba ta labarin kasko ko farce dan ba wanda ya ga abin faɗi ne a ciki.

Ba zan ɗauki Alƙur'ani in rantse ba, ba a gwada jininsa ba kuma ba za a taɓa gwadawa ba. Amma kasko na nan, taga a toshe, ga abin da Baba ya gani da idonsa. Da a ce ranar akwai mutum ɗaya da ya san abin da zai duba, ko yanka ba sai an yi ba, kallo kawai da tambaya biyu, da yarinyar nan ba ta yi wata huɗu ana gudun kwanonta ba.

Shi ya sa in ana gardamar wane littafi ya fi wane nake kasa shiga da zafi. Na yarda da Tanti na farkon sun fi, kuma dalilina shi ne a cikinsu mamacin ne babba, daga baya aka ture shi gefe aka cika wurin da helikwafta da rigimar iyali da maƙiyan da ba sa mutuwa. Amma ko na baya-bayan in ya faɗo hannuna ina karantawa, ina tsallake abin tsallakewa har in kai inda ta sa safar hannu, a nan har yanzu ina samun matar da na sani.

Na san abin da wasu za su ce, an ma faɗa min. Wai wannan al'adar Nasara ce, mu ba ma yanka mamatanmu, kuma akwai hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kaman karya shi ne yana raye. Hadisin gaskiya ne kuma ni ma jikina ba ya son jin an buɗe wani nawa, ko a littafin in ta zo wajen yankan ƙirji da zarton kai nakan kau da ido. Amma malamai da yawa na wannan zamani sun halatta binciken in akwai zargin kisa ko tsoron annoba, dan haƙƙin mamaci da na masu rai. Kuma ba kowane bincike ne yanka ba. A Havre des morts ɗin nan da na ce an mayar mata da bakinta, Scarpetta na aiki da sikana, irin wanda ake shigar da marasa lafiya, a ga cikin mamaci ba tare da an taɓa shi da wuƙa ba, kuma wannan ba tatsuniya ba ce, a Ingila akwai Musulmi da Yahudawa da ke neman a yi wa nasu haka maimakon yanka. Na san a nan mai rai ma kafin ya samu sikana ya sha wuya balle wanda ya riga ya tafi. Abin da nake roƙo bai kai nan ba. Masu wankan gawa na unguwanninmu, maza da mata, su ne ke ganin abin da ba wanda zai sake gani, tsofaffin nan hannunsu ya taɓa mamata ɗari-ɗari, kuma amana ta hana su faɗin aibin mamaci, haka ya kamata. Amma da za a zaunar da su ko yini biyu ne a nuna musu wannan alamar hayaƙi ce, wannan ta shaƙa ce, wannan in kun gani ku kira likita kafin a ɗaure likkafani, da an rufe bakin masu ƙus-ƙus da yawa, wani lokacin kuma da an kama wanda ya kamata a kama. Kuma dan Allah ɗari na tafe, kar a kwana da kasko a ɗaki a rufe, haka janareto, a waje ake barinsa.

Baba na gaya wa tun da daɗewa, wata bakansi da na je gida. Ya saurare ni har na gama yana jan tasbaha, ya ce "Taga kam a toshe take, ni na cire kwalin." Bai ƙara ba. Amma Inna ta gaya min bayan na tafi ya tara matan gidan ya yi musu magana, waɗanda suka rage a cikinsu.

Ita kuwa amaryar sai bara na gan ta, a wani biki a Tawa. Ta yi wani auren, ƴaƴanta biyar, ta yi jiki, ni ban ma gane ta ba ita ta kira ni da sunan da ake kira na ina yarinya. Na yi ta juya maganar a ciki har aka fara watsewa, na bi ta bakin ƙofa tana neman takalminta na ce Inna Amarya ina da magana. Na gaya mata komai a tsaye, kaskon, kwalin, abin da Tanti ta ce, na ce ki yafe mana, ni ma na ƙi cin abincinki. Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ta ce "Ni na kai mai kaskon nan ɗiyata, shi ya ce in kawo, sanyi shikai ji." Na ce ba ki sani ba, ba wanda ya sani a gidan. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce daren nan da ta kai ya ce ta ja mai ƙofar da kyau. Muka tsaya haka har ƴarta ta zo ta ce mai kabu-kabu na jira. Ta karɓi lambata, kuma da azumi ta aiko min da cuku a motar Tawa, daurin leda biyu, muka ci da yara, na kai wa Tanti nata.